Jinjina ga Malaman Rabon Gado

A Damba, Tsafe ko Bungudu, da an share makoki sai a nufi zauren malamin gado. Bayan takarda da alƙalami sun ishe shi aiki. A ce mamaci ya bar mata, 'ya'ya mata biyu, uwa da uba: tumuni, sulusi biyu, sudusi-sudusi. Kason ya zarce dukiyar! Nan malam zai ɗaga asalin lissafin daga 24 zuwa 27, kowa a ɗan rage masa, ba mai tashi hannu rabbana.

Fannin tsoho ne. Littafin aljabara da Alkhawarizmi ya rubuta a Bagadaza wajen shekarar 820, babban ɓangarensa lissafin wasiyya da gado ne. Malamanmu na zaure suna riƙe da fannin har yau, galibinsu ba albashi, sai ɗan abin sadaka.