Sharhi a Kan Rahoton Shaye-shaye na 2018 da Matsayin Maganin Je-ka-ka-dawo a Sakkwato

Abin da muka sa gaba a wannan maƙala shi ne duba rahoton nan na shaye-shaye a Nijeriya wanda Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar da bincikensa tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, aka fito da shi a watan Janairu na 2019. Za mu auna shi ne da ma'aunin birnin Sakkwato.

Ba za mu hana rahoton haƙƙinsa ba. Ya nuna cewa mutum miliyan 14.3, wato kashi 14.4 daga cikin ɗari na 'yan shekara 15 zuwa 64, sun taɓa wani abin maye a shekarar da ta gabaci binciken, ban da giya da taba. Masu wiwi su ne kan gaba da miliyan 10.6, sai masu tiramol da danginsa miliyan 4.6, sai masu maganin tari miliyan 2.4. A Arewa maso Yamma adadin kashi 12 ne, Kano ta kai 16, Sakkwato tana ƙasa da haka. Wannan aiki ne da ya raba mu da ƙiyasin zaure.

To, amma a ganinmu rahoton ya fi ƙwarewa wajen ƙidaya abin da aka sha bisa ga bayyana halin wanda ya sha. Duk wanda ya zauna da irin waɗannan samari ya san sau da yawa cuta biyu ke tafiya tare. Wani ciwon damuwa da rashin barci ne suka kai shi ga kwalba. Wani kuwa wiwi ce ta buɗe masa ƙofar jin muryoyi da zargin 'yan gida. In aka raba shi da ƙwaya aka bar damuwar, to an kashe maciji ba a sare kansa ba. A hannu ɗaya kuma, maganin taɓin hankali ba ya kama jikin wanda bai daina sha ba. Mai karanta alƙaluman nan zai iya ɗauka matsalar ta jami'an Hukumar NDLEA ce kurum, wadda aka kafa a 1989, alhali rabinta na likita ne.

Wuri ɗaya da rahoton ya taɓo abu mai nauyi ya wuce shi ne inda ya ce ɗaya daga cikin kowane mutum huɗu masu shaye-shaye mace ce. A nan ya kamata mu tsaya. Mutanen Sakkwato suna da asibitin masu taɓin hankali na tarayya a Kware, kan hanyar Illela, ga kuma sashen wannan fanni a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a cikin gari. Amma kowa ya san abin da ake nufi in aka ce an kai wance Kware. Budurwar da aka kwantar can wata guda, maganar za ta riga ta dawowa unguwa, ta kuma jira ta har ranar neman aurenta. Matar aure mai shan kodin a ɗaka, wa zai riƙe mata yara? Saboda haka iyali sukan zaɓi ɓoyewa, ko su nufi gidan mari. Abin da 'yan sanda suka tarar a irin waɗannan gidaje a Kaduna da Daura a 2019, na mutane cikin sarƙa, ya isa shaida.

Maganin je-ka-ka-dawo, wato majinyaci ya ga likita ya karɓi magani da shawara ya kwana gidansu, shi ya fi dacewa da mafi yawan waɗannan mutane, ko da yake wanda ciwonsa ya tsananta dole a kwantar da shi. Wannan kuwa ba baƙon tunani ba ne a ƙasar nan. Tun 1954 Farfesa Adeoye Lambo ya fara shi a Aro ta Abeokuta: majinyata suna zaune a ƙauyukan kewaye tare da danginsu, suna zuwa asibiti da rana, har da masu maganin gargajiya ya jawo cikin aikin.

Sai dai kada mu ruɗi kanmu. Lambo yana da ƙauye mai sa ido. Saurayin da ya baro likita da hantsi a Sakkwato, da la'asar yana majalisar da ya koyi sha. Ga kuɗin mota, ga kuɗin magani kowane wata, rahoton kansa ma ya ambaci tsada da jin kunya cikin abubuwan da ke hana neman magani. Hana sarrafa maganin tari mai kodin da shigo da shi da gwamnati ta yi a 2018 ya taɓa kasuwa, bai warkar da wanda ya riga ya kamu ba. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta ba majinyaci haƙƙi a takarda. Abin da muke son bincike na gaba ya ƙidaya mana shi ne, cikin waɗanda suka ga likita sau ɗaya a Kware, nawa suka koma ganinsa na biyu da na uku.