Bindigogin Gaske a Wasan da Bai Karɓu Ba: Darasin Medal of Honor: Warfighter

Medal of Honor: Warfighter wasan bidiyo ne na harbi wanda kamfanin Electronic Arts, da aka fi sani da EA, ya fitar a ranar 23 ga Oktoba 2012 domin kwamfuta da PlayStation 3 da Xbox 360. Reshen kamfanin mai suna Danger Close da ke Los Angeles ne ya haɗa shi. Irin wasan nan ne da mai wasa ke kallon duniya ta idon soja, ba ya ganin komai na jikinsa sai hannuwa biyu da makamin da ke cikinsu. Don haka bindiga ce abin da ya fi daɗewa a kan allo, tun daga farkon wasa har ƙarshensa. Jerin wasannin Medal of Honor ya faro ne a 1999 bisa tunanin mai shirya fina-finai Steven Spielberg, kuma ya shafe shekaru yana kan Yaƙin Duniya na Biyu kafin a 2010 a mayar da shi Afghanistan ta wannan zamani. Warfighter ci gaban wancan ne, kuma babban abin da aka tallata shi da shi shi ne cewa komai nasa na gaske ne: sojojin, wuraren, musamman ma makaman.

A fannin makamai masu wasan sun cika alkawari. Akwai HK416 ta kamfanin Heckler & Koch na Jamus, wadda ita ce bindigar sojojin Norway, kuma Faransa ma ta ɗauke ta daga baya. Akwai MK18 ta Daniel Defense mai gajeren baki, wadda aka yi domin faɗa a cikin ɗakuna da lunguna. Akwai OBR ta LaRue Tactical da ke Texas, da AK-103 da PKP na Rasha, da AA-12 mai watsa harsashi, da ƙaramar bindigar hannu samfurin 1911 mai ɗauke da sunan Vickers. Ga masu harbi daga nesa an kawo bindigogin McMillan, ciki har da CS5 da TAC-50. Ita TAC-50 ba ƙaramar aba ba ce a tarihin yaƙi: da ita wani sojan Kanada ya yi harbi daga nisan mita 2,430 a Afghanistan a 2002, kuma da ita wani sojan Kanadan ya kai mita 3,540 a Iraƙi a 2017. A ɓangaren da ake fafatawa ta intanet, mai wasa yana zaɓar ɗaya daga rundunonin ƙundumbala goma sha biyu na ƙasashe goma, irin su SEAL na Amurka, SAS na Birtaniya, KSK na Jamus, GROM na Poland da JTF2 na Kanada.

An kuma ba mai wasa damar warware bindiga ya sake haɗa ta yadda yake so. Yana iya canza bakinta, da gindinta da ake dafawa a kafaɗa, da gidan harsashi, da madubin hange, har da fentin jikinta. Idan ya ɗaga ta kusa da ido zai ga tambarin kamfanin da ya ƙera ta a jikin ƙarfen, ya ga kwanson harsashi yana tsalle gefe, ya ji ƙarar ta bambanta daga wannan bindiga zuwa waccan. Har yana iya karkatar da bindigar ya koma kan ƙaramin ma'auni na gefe idan abokin gaba ya matso kusa, kamar yadda sojoji ke yi. Ko masu sukar wasan da dama sun yaba wa wannan ɓangare, tare da ingancin sauti da kyan hoto na injin Frostbite 2 da aka gina shi a kai.

Sai dai ba girin-girin ba, ta yi mai. Wasan ya fito da kurakurai masu yawa, har sai da aka saki babban gyara a ranar fitowarsa. Shafin IGN ya ba shi maki 4 cikin 10, a Metacritic kuwa, inda ake tara makin masu sharhi, ya tsaya tsakanin 53 da 55 cikin 100. Ƙorafin kusan iri ɗaya ne: labari a hargitse, ana tsalle daga Somaliya zuwa Filifin, zuwa Pakistan, Dubai da Sarajevo ana bin sawun wani sinadarin bam mai suna PETN, ba tare da mai wasa ya san dalilin zuwansa ko'ina ba, abokan gaba ba su da dabara, hanya ɗaya ce tilo, wanda ya kauce mata ya mutu. Abin da ya fi gundurar mutane shi ne fasa ƙofa. Sau da yawa ana isa bakin ƙofa, a zaɓi abin da za a ɓalle ta da shi, ko ƙafa, ko gatari, ko ƙarfen ɓanɓara, ko nakiya, sannan lokaci ya yi sanyi a harbe mutanen da ke ciki ɗaya bayan ɗaya. Kayan fasawar suna canzawa, abin da ke bayan ƙofar bai taɓa canzawa ba. Makonni uku bayan fitowarsa Call of Duty: Black Ops II ya shigo kasuwa ya yi cinikin dala miliyan 500 a rana guda, ya rufe shi ruf. A watan Janairun 2013 Peter Moore, ɗaya daga manyan shugabannin EA, ya sanar cewa an jingine jerin Medal of Honor, kuma a shekarar nan aka rufe Danger Close.

Wannan faɗuwa ta tona wani kuskure da ya yi katutu a sana'ar wasannin harbi, wato ɗaukar sahihancin kayan aiki a matsayin sahihancin labari. Masu Warfighter sun kashe ƙarfinsu wajen tabbatar da cewa kowace ƙusa ta jikin bindiga tana inda ya kamata, amma mutanen da ake harbi da ita ba su da fuska, ba su da tarihi, ba su da dangi. Garuruwan Musulmi da wasan ya ratsa sun zama filin atisaye kawai. Har da Darra Adam Khel, garin nan na Pakistan da maƙera ke kwaikwayon bindigogin duniya da hannu a ƙananan shaguna, wanda shi kaɗai ya isa a gina labari mai zurfi a kansa game da yadda makami ke yaɗuwa, wasan ya ratsa shi ne da gudu ana harbe-harbe. Idan bindiga ta fi mutumin da ke gabanta samun kulawar mai zane, to an fifita ƙarfe a kan rai, kuma wannan aibi ne na fasaha tun kafin a zo maganar tarbiyya.

Abin bai tsaya a cikin wasan ba. Kafin fitowarsa EA ta ƙulla haɗin gwiwa da kamfanonin makamai da na kayan soja, ciki har da McMillan, Magpul, LaRue Tactical, Trijicon da kamfanin wuƙaƙe na SOG. An kira shirin Project Honor, aka ce kuɗin da za a samu daga sayar da wasu kayayyaki masu tambarin wasan za su tafi ga gidauniyoyin da ke tallafa wa iyalan sojojin da suka mutu. Shugaban aikin, Greg Goodrich, ya riƙa rubutu a shafin wasan yana yabon kayan waɗannan kamfanoni, kuma daga shafin mutum na iya latsawa ya faɗa kai tsaye inda ake tallan bindigar gaske. Har gatarin yaƙi na gaske aka shirya sayarwa da sunan wasan. Da suka ta yi yawa a watan Agustan 2012, EA ta janye gatarin. A ranar 14 ga Disamba na shekarar wani matashi ya kashe yara 20 da manya 6 a makarantar firamare ta Sandy Hook da ke jihar Connecticut, maganar ta sake tasowa da ƙarfi, kuma aka cire hanyoyin da ke kai mutum shafukan masu ƙera bindiga. Wata guda kafin nan, rundunar ruwan Amurka ta ladabtar da sojojin SEAL bakwai da suka yi wa masu wasan aikin ba da shawara, bisa laifin bayyana bayanan sirri. An ba su takardar gargaɗi, aka kuma yanke rabin albashinsu na wata biyu. Neman sahihanci ya kai kamfanin ga tallan makami a gefe guda, ya jefa masu ba shi shawara cikin matsala a ɗaya gefen.

Taimakon iyalan mamata abu ne mai kyau, amma bai wanke tsarin ba. Mai wasa yana shafe sa'o'i da bindiga ɗaya a hannunsa, ya san nauyin bugunta, ya san sunanta da na wanda ya ƙera ta, ya ci nasara da ita sau ɗari. Babu tallan talabijin na daƙiƙa talatin da zai iya dasa suna a zuciya haka. Masu ƙera makamai sun san da wannan. Takardun da suka fito daga shari'ar da iyalan Sandy Hook suka yi da kamfanin ƙera bindigogi na Remington, wadda ta ƙare da sulhun dala miliyan 73 a 2022, sun nuna cewa kamfanin ya yi yarjejeniya da kamfanin wasanni na Activision domin a saka bindigarsa ACR a cikin Call of Duty: Modern Warfare 2 na 2009, da nufin isa ga matasa waɗanda za su zama masu saye nan gaba. A 2024 kuma iyalan yaran da aka kashe a makarantar Uvalde ta Texas sun kai ƙarar Daniel Defense da Activision da Meta bisa zargin haɗuwa wajen tallata makami ga matasa.

Dole a yi adalci a nan. Ba a tabbatar da cewa wasan harbi yana mayar da mutum mai kisa ba. Ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka ta bayyana a 2020 cewa babu isasshiyar hujjar kimiyya da ke danganta wasannin da aikata tashin hankali. Miliyoyin mutane suna buga su a Japan da Koriya ta Kudu, inda kisa da bindiga ya yi ƙaranci ƙwarai. Haka kuma mai fasaha yana da 'yancin nuna abin da ke duniya. Kotun Ƙolin Amurka ta yanke a 2011 cewa wasannin bidiyo suna da kariyar 'yancin faɗin albarkacin baki kamar littafi da fim, kuma a 2020 wata kotu ta ba Activision gaskiya a kan kamfanin AM General da ya yi ƙara saboda an nuna motarsa Humvee. Wasan da ke ba da labarin Yaƙin Duniya na Biyu ba zai rasa M1 Garand ba, kamar yadda labarin yaƙe-yaƙen Afirka ba zai rasa AK-47 ba. Inda gizo ke saƙa shi ne bambanci tsakanin nuna makami domin labari ya buƙace shi da kuma baje shi da tambari domin a so shi a saya. Warfighter ya tsallaka wannan iyaka a fili.

Tarihin sana'ar ya nuna cewa sunan gaske ba shi ne ke sa wasa daɗi ba. GoldenEye 007 na 1997, wanda har yau ake lissafa shi cikin fitattun wasannin harbi, sunayen ƙirƙira ya yi amfani da su, irin su KF7 Soviet da PP7, kuma babu wanda ya ce ya ragu da komai. A watan Mayun 2013 EA ta sanar cewa ta daina ƙulla yarjejeniyar lasisi da masu ƙera bindiga, ko da yake ta ce za ta ci gaba da nuna bindigogin. Sababbin Call of Duty sun koma laƙaba wa makamai sunayen da babu su a kasuwa, kamar Kilo 141 da Kastov 762, kuma cinikinsu bai faɗi ba. Canjin suna bai kawar da matsalar gaba ɗaya ba, domin mai sha'awa yana gane siffar cikin minti ɗaya, amma ya yanke igiyar da ke haɗa allo da kantin makamai.

Akwai kuma wasannin da suka nemi gaskiyar yaƙi ta wata hanya, a garuruwan da Warfighter ya taka. Spec Ops: The Line, wanda kamfanin Yager na Berlin ya haɗa kuma ya fito a watan Yunin 2012, a Dubai aka kafa shi. A tsakiyarsa mai wasa yana harba sinadarin farin fosfaras a kan abin da yake zaton sansanin abokan gaba ne, sannan a tilasta masa takawa da ƙafa ta cikin gawarwakin fararen hular da ya ƙona. This War of Mine na 2014, daga kamfanin 11 bit studios na Poland, ya samo tushe daga ƙawanyar da aka yi wa Sarajevo, kuma mai wasa ba soja ba ne. Farar hula ne da ke neman abinci da magani da itacen hura wuta a gidan da bam ya rusa. Waɗannan biyun ana ci gaba da tattauna su bayan shekara goma, ba kuwa don jerin bindigoginsu ba.

Batun ya shafi ƙasar Hausa ta fuska ɗaya tabbatacciya. Matasa a Kano da Kaduna da Maraɗi suna buga PUBG Mobile da Free Fire da Call of Duty: Mobile a wayoyinsu, inda samfuran AK ke cikin makaman da aka fi so, ana yi musu fenti kala-kala ana sayen adonsu da kuɗi. A ƙauyukan Zamfara da Katsina da Sakkwato kuwa, wannan bindiga ce 'yan bindiga ke shigowa da ita. Wasan da ya nuna ta da kyau ƙwarai amma ya ɓoye abin da take bari a baya ya faɗi rabin gaskiya, kuma rabin da ya bari shi ne wanda mutanen waɗannan ƙauyuka suka sani.

Ma'aunin da ya dace a auna wasan harbi da shi, idan ya yi iƙirarin sahihanci, abu uku ne. Na farko, ko makamin yana yi wa labari da tsarin wasa hidima, ko kuwa labarin ne aka gina domin a baje makamin. Na biyu, ko akwai kuɗi ko yarjejeniya tsakanin masu wasan da masu ƙera makamin, kuma ko an bayyana wa masu saye. Na uku, ko mutanen da ke gaban bakin bindigar sun samu rabin kulawar da aka ba ƙarfenta. Warfighter ya gaza a na farko da na uku, a na biyu kuma ya bayyana haɗin gwiwarsa har yana alfahari da shi, shi ya sa ya zama misalin da ya fi kowanne fito da al'adar a sarari ga masu wasa da masu haɗa wasanni.