Buhun Iri da Lambar Zinariya

A gidan da na tashi akwai damin gero guda da ba a taɓawa. Mahaifina yakan zaɓe shi tun a gona, daga zangarkun da suka fi tsawo da cika, ya ɗaure shi daban, ya rataye can saman rumbu. Ko a shekarar da abinci ya ƙare tun kafin ruwan farko, har muka koma ga dusa da ganyen tafasa, ba a sauke wannan dami ba, domin iri ne. Na girma ina ganin wannan kamewa a matsayin abin da kowane manomi ya sani, har ranar da na karanta labarin wasu masana a ƙasar Rasha da suka mutu da yunwa a tsakiyar buhunan iri, a daidai lokacin da gwamnatinsu ke rataya wa wani mutum daban lambar zinariya a kan aikin noma. Tun daga ranar nake kallon lambobin yabon da gwamnatoci ke ba masana kimiyya da wani ido.

Ra'ayina shi ne, lambar yabo ta gwamnati tana da daraja ne kawai gwargwadon yadda mai mulki ya iya janye hannunsa daga zaɓen wanda za a ba. Idan ya kasa, lambar takan zama makami, kuma ɓarnarta takan wuce a ce an zalunci mutum ɗaya, domin tana nuna wa kowane ɗalibi hanyar da ake bi a ci gaba.

Nikolai Vavilov, wanda aka haifa a Mosko a 1887, masanin tsirrai ne da ya sa wa ransa kawar da yunwa daga ƙasarsa. Ya yi imani cewa maganin fari da cututtukan amfanin gona yana ɓoye a cikin irin da talakawan manoma suka adana tsawon ƙarnoni. Saboda haka ya shiga duniya yana tattarawa. Ya je Afganistan a 1924, ya je Habasha a 1927, ya ratsa ƙasashen Amurka ta Kudu da ta Tsakiya. Shi da abokan aikinsa sun tara nau'o'in iri fiye da 200,000 a cibiyar binciken tsirrai da ke Leningrad, abin da babu kamarsa a duniya a wancan zamani. Shi ne kuma ya fito da nazarin da ke cewa kowane amfanin gona yana da mahaifa, wato yankin da aka fara noma shi, kuma a can ne ake samun mafi yawan nau'o'insa. Gwamnatin Tarayyar Sobiyet ta san girman wannan aiki. A 1926 ta ba shi Kyautar Lenin, yana cikin rukunin farko da suka samu, sannan a 1929 ya zama shugaban majalisar masana kimiyyar noma ta ƙasa.

Aikin Vavilov yana da aibu ɗaya a idon mai mulki, shi ne jinkiri. Kafin a haɗa iri biyu, a tace, a gwada, a tabbatar da sabon nau'i, sai an yi shekaru goma ko fiye. Stalin kuwa ba shi da shekaru goma. Tilasta wa manoma shiga gonakin haɗaka ya haifar da yunwar 1932 zuwa 1933, wadda ta kashe miliyoyin mutane a Yukiren da Kazakistan da wasu sassan Rasha. Gwamnati na neman wanda zai yi mata alkawarin yabanya nan take, kuma ta same shi.

Trofim Lysenko ɗan manomi ne daga Yukiren, haifaffen 1898. Ya yi suna ne da dabarar jiƙa irin alkama a sanyaya shi kafin shuka. Dabarar ba sabuwa ba ce, amma shi ya ɗora mata da'awa mai girma: wai abin da aka yi wa tsiro a rayuwarsa yakan wuce ga 'ya'yansa, don haka ana iya horar da shuka ta canza hali cikin 'yan shekaru. Ya ƙaryata ilimin ƙwayoyin gado da ya samo asali daga gwaje-gwajen Gregor Mendel, ya kira shi ilimin 'yan jari-hujja. Daga baya ma ya ce alkama na iya rikiɗa ta zama wani hatsi daban, kuma tsirrai 'yan jinsi ɗaya ba sa gasar abinci da juna, don haka a cusa su rami ɗaya. Duk wanda ya taɓa yin cirar gero bayan shuka ya san amsar wannan magana. Sai dai maganar ta yi daidai da abin da masu mulki ke son ji, ga shi mai faɗinta ɗan talaka ne da za a iya nunawa a matsayin ɗan juyin juya hali. A 1935 Stalin ya yaba masa a gaban taron manoma, kuma a 1938 ya hau kujerar da Vavilov ya taɓa riƙewa.

Daga nan tarihin mutanen biyu ya zama kamar ma'auni, ɗaya na hawa ɗaya na sauka. A watan Agusta na 1940 aka kama Vavilov a yammacin Yukiren yana tsakiyar tattara tsirrai. A 1941 aka yanke masa hukuncin kisa bisa zargin zagon ƙasa da leƙen asiri. A wannan shekarar aka fara raba Kyautar Stalin, kuma Lysenko na cikin waɗanda suka karɓa. A 1942 aka mayar da hukuncin Vavilov ɗaurin shekaru ashirin, a shekarar da babbar ƙungiyar masana kimiyya ta Ingila ta zaɓe shi mamba. Ranar 26 ga Janairu, 1943, mutumin da ya tara wa duniya iri ya mutu a kurkukun Saratov, yunwa ta cinye jikinsa. A wannan shekara Lysenko ya karɓi Kyautar Stalin ta biyu. Ya sake karɓa a 1949. An naɗa shi Gwarzon Aikin Gurguzu a 1945, kuma an rataya masa lambar girma ta Lenin har sau takwas kafin mutuwarsa a 1976.

A tsakanin waɗannan shekaru ne sojojin Jamus suka yi wa Leningrad ƙawanya, daga Satumba 1941 zuwa Janairu 1944. Dubban ɗaruruwan mazauna birnin suka mutu da yunwa da sanyi. Ma'aikatan cibiyar Vavilov, waɗanda shugabansu ke tsare, suka ci gaba da gadin irin daga ɓeraye da sanyi da mayunwata. Da dama daga cikinsu sun mutu ba su ci abin da suke gadi ba. Dmitri Ivanov, mai kula da shinkafa, ya mutu da buhunan shinkafa a kewaye da shi. Aleksandr Shchukin, masanin gyaɗa, an same shi a mace a kan teburinsa. Su ne suka tuna mini da damin mahaifina.

Wani zai ce ai wannan labarin zalunci ne, kuma da lamba da babu lamba azzalumi zai yi abin da ya so. Ban yarda da haka gaba ɗaya ba. Kurkuku yana rufe bakin wanda aka kama ne, lambar yabo kuwa tana magana da waɗanda ke waje. Kowace zinariya da aka maƙala wa Lysenko sanarwa ce ga malamai da ɗalibai da editocin mujallu cewa ga gaskiyar hukuma. Wa zai buga sakamakon gwajin da ya ƙaryata mai Kyautar Stalin? Wane shugaban gona zai rubuta cewa dabarar gwarzon ƙasa ba ta ƙara ko buhu ɗaya ba? Sai rahotannin ƙarya suka yi ta hawa sama, su kuma suka zama hujjar ba da wata lambar. A watan Agusta na 1948 aka kammala aikin: a taron majalisar masana noma, Lysenko ya karanta jawabin da Stalin da kansa ya duba ya gyara, aka haramta koyar da ilimin ƙwayoyin gado, aka kori dubban masana daga aiki. Sai da aka sauke Khrushchev a 1964 kafin tauraron Lysenko ya faɗi, aka raba shi da cibiyarsa a 1965. Hausawa sun ce ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, amma wannan furen ya ɗauki kusan shekaru talatin, kuma a cikin shekarun ne masana a Ingila suka bayyana tsarin ƙwayar gado a 1953, yayin da ɗaliban Sobiyet ke haddace cewa babu ita.

Akwai wani ɓangare na labarin da ya fi damuna, domin ya shafi mutanen kirki. Ƙanen Vavilov, Sergei, ƙwararren masanin kimiyyar haske ne, kuma aikinsa na gaske ne. An ba shi Kyautar Stalin a 1943, shekarar da wansa ya mutu a hannun gwamnatin da ta ba shi, sannan a 1945 aka ɗora shi shugaban majalisar masana kimiyya ta ƙasa baki ɗaya. Ba na zarginsa, domin ban san abin da zan yi ba in da ni ne. Abin da nake nunawa shi ne, ko lambar da ta dace da mai ita tana iya zama takunkumi. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Wanda ya ƙi askin kuma an nuna masa. Andrei Sakharov, wanda aka naɗa Gwarzon Aikin Gurguzu sau uku saboda aikin makamin nukiliya, ya tashi a 1964 ya yi adawa da zaɓen wani na hannun daman Lysenko a majalisar masana. Da ya ci gaba da sukar gwamnati, a 1980 aka ƙwace dukkan lambobinsa aka tura shi gudun hijira birnin Gorki. Iliminsa bai ragu ko kaɗan ba a ranar. Lambar da ake iya ƙwacewa saboda ra'ayi, tun farko ladan biyayya ce.

Duk da haka ba na cikin masu cewa gwamnati ta daina karrama masana. Yabon gwani ya zama dole, kuma al'ummar da ba ta san sunan kowa ba sai mawaƙa da 'yan ƙwallo da 'yan siyasa, kada ta yi mamaki in 'ya'yanta suka guji ɗakin gwaji. Tu Youyou, wadda ta jagoranci gano sinadarin da ke cikin magungunan zazzaɓin cizon sauro da ake sha yau a asibitocinmu, ta yi aikin ne a farkon shekarun 1970 a ƙarƙashin wani shirin sirri na gwamnatin Sin, kuma ta shafe shekaru ba a san sunanta ba. Ta samu kyautar Nobel a 2015, sannan ƙasarta ta ba ta babbar lambar kimiyya a farkon 2017 da lambar Jamhuriya a 2019. Waɗannan lambobi sun dace, kuma sun koya wa 'yan mata da yawa cewa akwai wurinsu a kimiyya. Sai dai a lura, sun zo ne bayan masana na waje sun riga sun yi hukunci. Gwamnati ta yi daidai a lokacin da ta bi bayan ilimi.

A nan gida Najeriya muna da tsari iri biyu. Akwai lambobin girma na ƙasa da dokar 1964 ta kafa, irin su GCFR da CON da OON, waɗanda ke hannun shugaban ƙasa. Akwai kuma lambar cancanta ta ƙasa, NNOM, da aka kafa a 1979 domin masu ilimi, wadda ke da hukumarta da masana masu tantancewa. Ta biyun ta fi kusa da abin da nake kira a kai, amma ita ce mutane ba su sani ba. Ta farkon ce ke cika jaridu. Likita Stella Adadevoh, wadda ta hana mai ɗauke da cutar Ebola fita daga asibiti a Legas a Yulin 2014, ta kamu ta rasu a watan Agusta na shekarar, ba a ba ta lambar ƙasa ba sai a Oktoban 2022. A wannan biki an karrama mutum sama da 400, alhali jami'o'in gwamnatin tarayya na rufe tun watan Fabrairu saboda yajin aikin malamai. Ba na kwatanta wannan da zamanin Stalin, domin ba a ɗaure kowa a nan saboda sakamakon gwaji ba. Amma hoton ya isa tunani: ana rataya lambobi a Abuja, ɗakunan gwaji kuma na cike da ƙura.

Abin da nake nema bai wuce uku ba. Masana su zaɓa, shugaba ya miƙa kawai. A bayyana wa jama'a aikin da aka yi wa yabo dalla-dalla, yadda duk mai shakka zai iya dubawa. Sannan a haɗa lambar da abin aiki, wato kuɗin bincike da wutar lantarki da kayan gwaji, tun mai ita yana da ƙarfin amfani da su.

An wanke sunan Vavilov a 1955, daga baya aka sa wa cibiyarsa sunansa. Irin da ma'aikatansa suka ƙi ci yana nan a birnin da yanzu ake kira San Fitasbag, ana sabunta shi, kuma masu samar da sabon iri daga ƙasashe da dama sun amfana da shi. Mahaifina bai taɓa jin sunan ɗayansu ba. Na tabbata da an ba shi labarin, tambayarsa ɗaya ce: shin irin ya kai damina?