David Smith, gwanin da ke rubutu ta bayan gilashi

Masu rubutun allon talla suna da yawa a duniya, amma David A. Smith na garin Torquay da ke kudu maso yammacin Ingila daban yake. Duk mai musu ya kalli gajeren fim ɗin da Danny Cooke ya yi a kan yadda Smith ya zana bangon faifan mawaƙi John Mayer mai suna Born and Raised, wanda ya fito a 2012. Ni dai har yau ban gaji da kallonsa ba.

Sana'ar tasa ta zamanin Sarauniya Victoria ce, lokacin da kantunan magani da mahauta da mashayun Ingila ke gasar kafa allunan gilashi masu ruwan zinare. Abin da ya sa nake sara wa mutumin nan shi ne, komai ta bayan gilashin ake yin sa. Harafi a juye ake rubuta shi. Layin da ido zai fara gani shi ake fara shafawa, fentin da zai zama shimfiɗa kuma sai a ƙarshe. In hannu ya goce tun farko, babu damar rufe kuskuren da wani fenti, domin yana can gaba yana kallon kowa.

Ku dubi yadda yake ɗora zinare. Fallen ya fi ɓawon albasa rashin kauri nesa ba kusa ba, numfashi kaɗai ya isa ya tafi da shi. Sai ya jiƙa gilashin da ruwan da aka narkar da ɗan jelatin a ciki, ya ɗauko fallen da burushi mai faɗi, ya kai shi kusa, sai ka ga zinaren ya yi tsalle ya manne da kansa. Idan ya bushe aka goge shi da auduga, sai ya koma madubi. Kai, jama'a! Ga kuma sassaƙa da dutsen da ke juyawa, inda yake riƙe gilashi sukutum a hannu yana yanka furanni a jikinsa. Amma wanda ya fi tafiya da hankalina shi ne aikin gam ɗin da ake dafawa daga fatar dabba. A kankare fuskar gilashin da feshin yashi, a zuba gam da zafinsa, a bar shi. Yana bushewa yana ƙanƙancewa, yana ɓamɓaro ɓarɓashin gilashin, ya bar ado mai ƙyalli wanda babu biyunsa.

Da wannan dabarar kamfanin Rawson & Evans na Chicago ya yi suna a ƙarshen ƙarni na 19. Allunansu da suka tsufa suka sami mai ceto a hannun marigayi Rick Glawson na Kalifoniya, wanda shi kansa Smith ya ɗebi ilimi a wurinsa. Gyaran tsohon allo kuwa ya fi yin sabo wuya. Danshi ne ke shiga baya, fenti ya saki gilashi yana zubowa. Mai gyara ba zai kankare ba, domin abin da yake son cetowa yana ƙarƙashin duk sauran shafe-shafen. Dole ya liƙe kowane ɓamɓaro a mazauninsa, sannan ya cike gurbin da ya ɓace da launin da zai saje da na masu aikin farko da suka mutu tuntuni. Wanda bai iya ƙera irin allon daga farko ba, ina zai iya wannan?

Shi ya sa na ji daɗi da Birtaniya ta ba Smith lambar girma ta MBE, kuma ya cancanta. Bai ɓoye iliminsa ba, yana koyar da ɗalibai daga ƙasashe daban-daban a ɗakin aikinsa. Masu rubutun allon shago da zanen jikin manyan motoci, don Allah ku nemi fim ɗin nan ku kalla, ku lura da yadda yake riƙe burushi.