Jinjina ga masu gyaran wayar mota na Ƙonni

A Amurka direbobin manyan motoci suna da rediyon CB, irin oba-oba ɗin nan da ke aiki a kan megahaz 27, inda tasha ta 19 ta zama dandalin hirarsu. Mu a nan, direban da ya ɗauko siminti daga Malbaza ko albasar Galmi da wayar salula yake jin labarin hanya, sai rediyo mai ɗebe masa kewa, sai fitilar da ɗan'uwansa ke ƙyafta masa idan sun yi kiciɓis.

Duk waɗannan wuta suke ci, kuma a nan ne gwanin wayar mota yake shigowa. Batiran tirela volt 24 suke bayarwa, rediyo da cajar waya galibi 12 suke so. Wanda ya haɗa kai tsaye, hayaƙi zai gani. Je ka gareji a Birnin Ƙonni ka kalli maigida kwance ƙarƙashin sitiyari, ɗan ƙwan fitilar gwaji a hannu, salatif a baki, yana bin waya ɗaya cikin talatin da ƙura ta mayar da su kala guda. Ya sa na'urar rage wuta, ya ɗaura fis, ya kankare tsatsa wurin ɗaure wayar ƙasa. Yaronsa kuwa yana can saman kan mota yana daidaita eriya.

Gwanin wayar ba ya cikin lissafin kowa idan kaya sun isa Tawa ko Yamai lafiya. Direbobi, in kun tsaya Ƙonni, a daina yi masa tayin wulaƙanci, a biya shi haƙƙinsa.