MUN HADDACE TA INDIYA, MUN MANTA TA GIDA

'Yar'uwa mai karatu, bari in fara da tona wa kaina asiri. Da na gama rubuta littafina na biyu, na sa wa saurayin labarin wasu baitoci shida da zai aika wa budurwarsa. Ina ta murna na kai wa Baffana a nan Ringim, wanda tsohon malamin firamare ne. Ya gwada rerawa har sau biyu, abu ya ƙi. Sai ya cire tabarau ya ce, "'Yata, wannan ai wasiƙa ce kika yayyanka. Ina karinta? Ina amsa-amonta?" Ya tambaye ni waƙoƙin da na fi so, na ce na Indiya. Ya ce to wa ya rubuta su? Na yi tsuru-tsuru. Wallahi ranar ko tuwon dare ban iya ci ba.

Haushin nan ne ya sa na shiga bincike. Ashe da yawa daga waƙoƙin tsofaffin finafinan da iyayenmu suka haddace, manyan sha'irai ne na harshen Urdu suka tsara su, harshen da ake rubuta shi da baƙaƙen Larabci kamar ajaminmu. Shakeel Badayuni shi ya rubuta waƙoƙin Mother India na 1957. Sahir Ludhianvi shi ya rubuta babbar waƙar Kabhi Kabhie na 1976, kuma asalinta tana cikin littafinsa Talkhiyan tun shekaru masu yawa kafin a yi fim ɗin. Wato a takarda aka haife ta, daga baya aka sa mata kiɗa. Su ma ba daga sama suka faɗo ba, sun sha karatun magabatansu irin su Mirza Ghalib, wanda ya rasu a 1869, da Muhammad Iqbal, wanda ya rasu a 1938.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ashe danginmu ne. Waƙarsu da suke kira gazal daga Larabawa ta samo tushe, ana auna ta da kari, ana riƙe amsa-amo ɗaya tun daga farko har ƙarshe, sha'iri kuma yakan ambaci sunansa a baitin rufewa. To ba haka rubutattun waƙoƙinmu suke ba? Duba Imfiraji ta Aliyu Namangi, ko Fasaha Aƙiliya ta Aƙilu Aliyu, ko waƙoƙin Nana Asma'u. Kai, ga Mu'azu Haɗeja nan maƙwabcinmu, wanda ya rasu a 1958, ya yi wa giya da karuwanci wankin babban bargo cikin baitocin da ko kalma ɗaya ka zare sai ka ji ginin ya girgiza. Mu nawa ne cikin marubuta mata muka taɓa buɗe littafinsa bayan mun bar makaranta?

Laifinmu ke nan. Mun ɗauko rawar Indiya da kukan masoya da auren dole mun zuba a littattafanmu, amma horon da ya sa waƙoƙinsu suke ratsa zuciya mun bar musu kayansu. Shi ya sa baitocinmu ba su wuce "ke ce hasken idona" da "ke ce zumar zuciyata", kowace marubuciya da irinsu, kamar an raba mana a gidan biki. Ba na cewa a daina jin ta Indiya, ni ma ban daina ba. Cewa nake wanda bai iya tuƙa tuwon gidansu ba, ba shi zai gyara miyar maƙwabta ba.

Baitocin nan shida dai na cire su. Yanzu kullum bayan sallar isha'i sai na rera shafi ɗaya na Mu'azu Haɗeja a fili, yara suna ta yi mini dariya. Ke ma ki gwada, ko na wata guda ne, sannan ki koma ki duba baitocinki. Allah Ya sa mu dace, amin.