Idon Manomi da Idon Matafiyi: Wace Ce Gona Mai Kyau?

Wajen ƙarshen damina, idan ka bi hanyar Kano zuwa Katsina, za ka ga wasu gonakin dawa sun cika da wani ɗan fure mai launin shunayya, gwanin ban sha'awa. Ɗan birni sai ya tsayar da mota ya ɗauki hoto. Mai gonar kuwa ko kallon wurin ba ya son yi, domin ƙuduji ne, wanda wasu ke kira wuta-wuta. Tun yana cikin ƙasa yake maƙalewa a saiwar dawa yana tsotse ta, kafin furen nan ya fito an riga an yi ɓarnar. Kallon kitse matafiyin ya yi wa rogo.

Manomin ƙasar Hausa ba ya tsayawa daga nesa ya yaba gona. Shiga yake yi. Zai duba ko kunya ta miƙe, ko an yi firi da maimai a kan lokaci, ko an yi huɗa. Zai lura da ganye: idan yabanya ta yi kore shar har ta yi duhu, taki ya zauna, idan ta yi ɗorawa-ɗorawa, ƙasa ta gaji. In ya ce gona ta yi kyau, mai gonar yake yabo. Shi ya sa ake kunyar gonar bakin hanya ta yi ciyawa, duk mai wucewa kasuwa alƙali ne. Hatta gero da dawa da wake a cakuɗe, da malamin gona kan ɗauka hargitsi ne, a idon manomi tsari ne: in ɗaya ya ƙi, wani ya yi.

Sai dai wannan ido, duk da kaifinsa, yakan yi kuskure, kuma a ƙasar Maraɗi aka fi ganin haka. A can, shekaru da dama, gona mai tsabta ita ce wadda aka yi wa sassabe tas, ba kututture ba toho, ƙasa fetal. Dokar daji ta zamanin Faransa ta taimaka wajen dasa wannan ra'ayi, tunda ta mai da itatuwa hannun hukuma. Me zai sa mutum ya raini abin da za a ci shi tara in ya sare? A 1983 wani ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo ya lura cewa ƙananan tsirran da ake sarewa kowace bazara tohon tsofaffin itatuwa ne da saiwarsu ke raye. Ya riƙa roƙon manoma su bar 'yan rassa kaɗan a kowane kututture su girma. Aikin ba wuya, wuƙa ce ko lauje. Wuyar ita ce bakin mutane, domin waɗanda suka fara sun sha dariya: gonarsu ta zama ta rago.

Yunwar 1984 da iskar da ke binne shuka da rairayi suka sauya lissafi. Aka ga gero na ƙarƙashin gawo ya fi na fili ƙiba, domin gawo yakan zubar da ganye da damina ya bar wa shuka rana, da rani kuma ya ba dabbobi abinci. Mata suka sami itacen girki kusa da gida. Masu bincike sun ƙiyasta cewa irin wannan reno ya mamaye wajen hekta miliyan 5 a Nijar, galibi a yankunan Maraɗi da Damagaram. (Manoman karkarar Kano, a gaskiya, ba su taɓa rabuwa da ɗorawa da kuka da tsamiya a gonakinsu ba, wani ma yakan gaji bishiya daban da gonar da take ciki.)

A ganina, abin lura shi ne ma'aunin bai canja ba. Jiya da yau manomi aiki da amfani yake nema a fuskar gona, shaidar ce kawai ta koma wani wuri. A ƙauyukan da aka rungumi renon toho, gonar da aka share fetal ita ce yanzu ake yi wa kallon ta mai sakaci.